Haina, Garin Rake da Dalma Ta Cinye

A bakin kogin Haina, yamma kaɗan da birnin Santo Domingo na Jamhuriyar Dominika, akwai wani gari mai suna Bajos de Haina. Tun farkon zuwan Turawan Sifaniya yankin Karibiyan, kowane zamani da irin dukiyar da ake kwasa daga wannan wuri. Zinariyar da aka gano a gaɓar kogin wajen 1496 na cikin abin da ya sa suka kafa Santo Domingo kusa da nan. Da zinariya ta ja baya, sai aka koma ga rake da gumin bayin da aka kamo daga Afirka. A Boca de Nigua, maƙwabciyar Haina, bayin wata gonar rake sun yi bore a 1796.

Garin na yanzu kuwa Rafael Trujillo ne ya ɗora shi a kan hanyar masana'antu. Wannan mai mulkin kama-karya, wanda ya riƙe ƙasar daga 1930 har aka kashe shi a 1961, ya gina katafaren kamfanin sukari a Haina wajen 1950. Talakawa suka yi ta kwararowa neman aiki, suna kafa gidajen kwano duk inda suka samu fili. Tashar jiragen ruwa ta bunƙasa, matatar mai ta Refidomsa ta fara aiki a 1973, tashoshin lantarki da kamfanonin sinadarai suka biyo baya. Babu wanda ya shata iyaka tsakanin inda ake narka ƙarfe da inda yara ke wasa.

A unguwar Paraíso de Dios abin ya fi muni. Can ne kamfanin Metaloxa ya riƙa fasa tsofaffin batiran mota yana narka dalmar da ke ciki. Ƙura ta sauka a kan rufi da tukwane, tarkacen batir ya taru tsibi-tsibi, ruwan sama kuma ya riƙa wanko shi gangare zuwa cikin gidaje. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan guba ta shiga. Dalma ba ta da wari balle uwa ta ankara. Sai dai ta ga ɗanta yana fama da ciwon ciki, ko farfaɗiya, ko ya kasa riƙe karatu, kuma illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

A 1997 likitoci sun gwada jinin yara 116 a unguwar. Matsakaicin abin da suka samu shi ne maikirogiram 71 a kowace desilita, alhali a lokacin 10 ma ya isa ya tayar da hankali. A shekarar ce aka rufe wurin, kamfanin ya kwashe kayansa ya bar sharar a inda take. Wannan shi ne babban zaluncin: fiye da shekara goma gurɓatacciyar ƙasar tana nan a tsakiyar mutane, kowa kuma ya sani.

Sai da cibiyar Blacksmith ta Amurka ta sa Haina cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya a 2006 sannan aka motsa. Daga 2008 aka shiga kwashe ƙasar da motoci, daga baya aka mai da filin wurin shaƙatawa, yawan dalma a jinin yara kuma ya sauko sosai.

Mutanen Zamfara sun san wannan masifa. A 2010 ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, kuma Blacksmith da kamfanin TerraGraphics, waɗanda suka yi aikin Haina, suna cikin waɗanda suka zo kankare ƙasar tsakar gidaje.

A Haina an kwashe sharar Metaloxa, amma matatar mai da tashoshin lantarki masu ƙona gawayin kwal suna nan suna aiki, mazauna garin kuma har yau suna kuka da asma da ciwon ƙirji.