Maƙarƙashiya ko Tuggu? Sake Duban Lamarin Damagaram na 1906

Ya zama jiki a rubuce-rubucenmu a kira abin da ya faru a Zindar a 1906 da sunan "makircin Sarkin Damagaram", a wuce kamar magana ta ƙare. A ganina wannan suna ya yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. Kisan Kyaftin Kazamaju a 1898, da yaƙin Tirmini a 1899, da naɗin Ahmadu ɗan Bassa bayan kashe Ahmadu Kuran Daga, duk masanin tarihi André Salifou ya yi musu cikakken bayani. Abin da ya dame mu shi ne 1906, shekarar da Faransawa suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirin hallaka su, suka tuɓe shi, suka kai shi Kwadebuwa, suka miƙa riƙon gari ga Bellama, bawan fada.

Makirci kalmar aro ce daga Larabci, kuma rigarta burum-burum ce, kowa ta shige shi. Bahaushe yana da kalmomin da suka fi ta tsantseni. Bore da tawaye a fili ake yinsu, da tambari da tuta, kamar yadda Yusufawa suka fice daga Kano zuwa Takai a 1893. Maƙarƙashiya ta ƙarƙashin ƙasa take bi, tana neman ran mai mulki ko gadonsa. Tuggu kuwa kunnen mai mulki yake nema: a kitsa wa mutum magana, a kai ta gaba, a sa mai iko ya sare shi da hannunsa. Mai tuggu ba ya zare takobi, aron na wani yake yi.

To, wanne aka yi a Zindar? Wani abokin nazari ya tsaya kai da fata cewa maƙarƙashiya ce, kuma hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Ya ce a shekarar ƙasa ta ɗau zafi: an yi boren Kobkitanda a ƙasar Zabarmawa, an yi na Satiru a Fabrairu, Ingilishi suka afka wa Haɗejiya a Afrilu. Ya ce sarkin da aka mayar ɗan amshin shata yana da dalilin ƙulla wani abu. Ya ƙara da cewa musun shirin tamkar ƙwace wa Damagaram jarumtarta ne.

Hujjarsa ta farko takobi ce mai kaifi biyu. Zafin da zai iya zuga sarki shi ne kuma ya sa Bature cikin ɗar-ɗar, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Babu lokacin da tuggu ya fi ci kamar ranar da mai iko ke tsorace. Ta biyu ta nuna dalili ne kawai, samun dalili kuwa daban, aikatawa daban. Ta uku buri ne irin na 'yan kishin ƙasa, ba shaida ba.

Ban ce Sarki Ahmadu bai ƙulla komai ba; mai yiwuwa ya ƙulla. Iyakar da'awata ita ce mu dubi hanyar da zancen ya biyo: daga bakin 'yan fada, ta harshen tafinta, zuwa alƙalamin hafsan da shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Ba a harba ko kibiya ɗaya ba, ba a kashe Bature ko ɗaya ba. Shaida irin wannan tana tabbatar da cewa an kai ƙara, amma da wuya ta ɗauki nauyin abin da ya wuce haka.

Saboda haka ya kamata manazarta su riƙa cewa "zargin maƙarƙashiya", su kuma tambayi wanda ya ci moriyarsa. Faransawa sun huta da sarki, Bellama ya riƙe gari, kuma Damagaram ba ta sake ganin sarki daga gidan sarauta ba sai 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.