Gwajin maganin Trovan a Kano da taƙaddamar neman yardar majinyaci

Gwajin Trovan shi ne binciken da kamfanin harhaɗa magunguna na Amurka, Pfizer, ya gudanar a kan yara 200 masu fama da ciwon sanƙarau a Kano cikin shekarar 1996. Yara 11 daga cikinsu sun rasu, wasu kuma sun tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar gaɓoɓi. Lamarin ya shafe fiye da shekara goma a gaban kotunan Najeriya da na Amurka, kuma har yau yana cikin misalan da ake karantarwa a darussan ɗa'ar aikin likita, musamman a babin gwajin magani a ƙasashe matalauta.

A farkon 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau mafi muni da aka gani a ƙasar ta ɓarke a Arewa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, kusan 12,000 suka mutu, akasarinsu yara. Kano na fama da ƙyanda da kwalara a lokaci guda, Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika maƙil. A can ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke yi wa marasa lafiya magani kyauta da kuloramfenikol, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi a irin wannan annoba.

A watan Afrilu Pfizer ya turo likitoci uku daga Amurka, suka haɗu da likitocin Najeriya huɗu, suka kafa sashensu a cikin asibitin. Kamfanin na neman lasisin sayar da sabon maganinsa na kashe ƙwayoyin cuta, Trovan, kuma yana buƙatar hujjar cewa yana aiki a jikin yara masu sanƙarau, cutar da ba a samun masu ita da yawa a Amurka. An raba yaran gida biyu: kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar Rocephin, maganin da aka riga aka tabbatar da ingancinsa. Biyar suka rasu a rukunin farko, shida a na biyu. Bayan kimanin mako biyu tawagar ta tattara ta koma, annoba kuwa tana ci gaba.

Inda gardamar take

Mutane da yawa na ɗaukar cewa adadin mamatan ne tushen ƙarar. Ba nan gizo ke saƙar ba. Pfizer ya daɗe yana cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma nakasar da aka gani ita ce wadda cutar kan bari ko da wane magani aka sha. Ya kuma ce kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka ba Trovan sun rayu, adadin da ya fi na sauran wuraren jinya a lokacin. Waɗannan alƙaluma ba a rushe su ba. Abin da iyaye suka kai kotu shi ne cewa ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a bayyana musu haɗarin maganin ba, ba a kuma sanar da su cewa a harabar asibitin akwai inda za a yi wa 'ya'yansu maganin da aka sani kyauta ba.

Ƙa'idar da suka dogara da ita tsohuwa ce. Dokar Nuremberg ta 1947, wadda ta fito daga shari'ar likitocin Nazi na Jamus, ta sa yardar mutum bisa raɗin kansa a matsayin sharaɗi na farko kafin a yi gwaji a jikinsa. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙarfafa hakan, gyare-gyaren da aka yi mata daga baya kuma suka wajabta cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike kafin a fara. Yardar da ake nufi tana da sharuɗɗa: mutum ya san abin da za a yi masa, ya san akwai wata hanya, ya kuma san yana iya ƙi ba tare da an hana shi magani ba.

Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya 'yan ƙasa sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen kuma sun amince da baki, tunda yawancinsu ba sa karatun boko. Sai dai babu takardar da aka sa wa hannu ko aka dangwala wa yatsa da za ta tabbatar da haka. Ko da ma an yi bayanin, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa ya sanƙare, ta tarar da layi har bakin ƙofa, aka ce mata ga likitoci Turawa za su duba shi yanzu, wane zaɓi gare ta? Masana ɗa'ar bincike na ganin annoba na cikin yanayin da yarda ta fi rauni, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafe biyu. Na farko, an rage adadin Rocephin da aka yi wa rukuni na biyu ƙasa da yadda aka tsara. Masu ƙara suka ce an yi haka ne don Trovan ya fito da kyau a kwatance. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne, kuma adadin ya wadatar. Na biyu ya fi muni. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar wa hukumomin Amurka, mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an gano cewa bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata kwanan watan baya, kuma a lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba Trovan lasisi a 1997 don manya, ba ta taɓa amincewa a ba yara ba. A 1999 ta taƙaita amfani da shi ƙwarai bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da sayar da shi.

Kotuna da diyya

Jaridar Washington Post ce ta fallasa labarin ga duniya a watan Disamban 2000. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya kammala aikinsa a 2001 da cewa gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton ya kwanta a ofis har 2006, lokacin da jaridar ta same shi ta buga.

Iyalai sun shigar da ƙara a New York a 2001, suna dogaro da wata dokar Amurka ta 1789 da ta ba baƙi damar neman haƙƙi kan keta dokokin ƙasa da ƙasa. An yi ta korar ƙarar ana ɗaukakawa, har watan Janairun 2009, inda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa haramcin gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya kai matsayin dokar da ta hau kan dukkan ƙasashe. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin a 2010. Wannan hukunci, wanda ake kira Abdullahi da Pfizer, shi ne babban abin da shari'ar ta bari a littattafan doka.

A gida, gwamnatin Kano da ta Tarayya sun kai ƙara a 2007. A watan Yulin 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 don waɗanda aka yi gwajin a kansu, miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Pfizer bai amsa wani laifi ba. Rabon diyyar ya zo da tasa rigimar, domin sama da mutum 500 ne suka fito a gwajin da aka yi wa 200, aka gindaya gwajin ƙwayoyin halitta na DNA don tantancewa. Wasu iyalai sun ƙi ba da samfur, suna cewa ba za su sake miƙa jikinsu ga abin da ba su fahimta ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi dala 175,000 kowannensu a watan Agustan 2011, shekara 15 bayan rasuwar 'ya'yansu.

Abin da ya biyo baya

Lokacin da Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, babban zargin shi ne cewa an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon. Binciken kimiyya bai tabbatar da zargin ba, amma labarin Trovan na cikin hujjojin da masu adawa suka riƙa kafawa, kuma jami'an lafiya sun sha wuyar amsa shi domin ya faru da gaske. Kano ta koma rigakafin a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali.

A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, ƙarƙashin kwamitin NHREC, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba gindin zama. Kundin ya wajabta wa kowace cibiya mai bincike a kan mutane ta kasance da kwamitin ɗa'a mai rajista, a kuma rubuta bayanin neman yarda cikin harshe mai sauƙin fahimta. Ga wanda ba ya iya rubutu, an tanadi dangwala yatsa ko naɗar muryarsa a gaban shaida.