Sana'ar Hannu da Aiken Yara a Gidajen Ƙasar Fagam Lokacin Rani

A ƙasar Fagam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, waɗanda suke sashen kudu maso gabas na masarautar Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, rani shi ne lokacin da aiki yake barin gona ya koma cikin gida. Da zarar an kammala kaka an zuba hatsi a rumbu, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wato neman kuɗi a wasu garuruwa har zuwa faɗuwar damina, mata da yara kuwa su kama ayyukan da damina ba ta barin a yi su.

Mafi girman waɗannan ayyuka a da shi ne kaɗi. Mace takan gurje auduga da magurji don fitar da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta kaɗa da mazari tana shafa alli a yatsunta, abin da ya fito kuwa ko dai zare ne mai laushi ko abawa, wato zare mai kauri da masaƙa suke saye. Bayan kaɗi akwai saƙar faifai da tabarma da kaba, wadda ita ce ganyen goriba, ana rina wani sashe nata da karan dafi don a sami jan launi, kuma a nan ne gwaninta take bayyana, domin da tsarin launi ake bambanta faifan wata mace da na kishiyarta ko da kabarsu ɗaya ce. Daɓen ɗaki ma aikin rani ne, wanda mata suke yi a gayya suna waƙa, suna yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da yake ƙarfafa ƙasa ya kuma ba ta duhun launi.

Duk wannan ba zai kai kasuwa ba in ba don yara ba. A gidajen da ake kulle, yarinya ce take sayo kaba da auduga, ita ce take kai zare wurin masaƙi, ita ce kuma take ɗaukar talla ta dawo da ciniki, daga cikinsa uwa take tara kayan ɗakin da za a yi wa yarinyar jere ranar aurenta. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafar yara take tsaye, kuma bayaninta ya dace da ƙauye kamar yadda ya dace da birni. Saboda haka kuskure ne a ɗauki aike a matsayin ƙaramin abu, tun da a cikinsa yaro yake koyon lissafi da ciniki da gaisuwa. Yara maza kuwa, idan sun sami sarari, sukan ƙera mota da karan dawa.

Son zane, irin wanda ake gani a jikin faifai da tabarma, daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, har da marasa tozo masu dogon ƙaho waɗanda ba a kiwon irinsu a yankin yanzu, kuma Bernard Fagg, wanda ya bayyana su ga masana a shekarun 1950, ya lura cewa duwatsun kiɗa da ke kusa suna da alaƙa da al'adun aure.

Canji ya zo ta fuskoki da dama. Zaren inji da yadin masaƙu irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1957 sun kashe kasuwar abawa, kwanon samira ya maye gurbin ƙwarya a jere, tabarmar roba ta rage darajar ta kaba, shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 kuma ya fara raba safiyar yara da talla. Kaɗi ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, amma faifai ya tsira, domin har yanzu da shi ake rufe ƙwaryar fura, da shi kuma ake bakace.