Tarihin Hawan Dutsen Kamaru

Dutsen Kamaru yana kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, dab da bakin Tekun Atalantika, kuma tsayinsa ya ɗan haura mita 4,000. Dutse ne mai aman wuta, har yau kuwa bai daina ba. Mutanen Bakweri da ke zaune a gindinsa tun kaka da kakanni sun saba hawansa don farauta da ɗibar zuma da saiwoyin magani. A al'adarsu dutsen yana da mai gadi, Efasa Moto, wanda rabinsa mutum ne rabinsa dutse.

Turawa ne suka zo da hawa don kaiwa ƙololuwa kawai. Richard Burton ɗan Ingila ya hau a 1861, Mary Kingsley ta biyo baya a 1895. Jamusawa kuwa zama suka zo yi. Bayan sun ci Bakweri da yaƙi a 1894, sun ƙwace filayen noma mafi albarka, kuma a 1901 suka mai da Buea, da ke jikin dutsen, hedkwatarsu saboda sanyinta. Da dutsen ya yi amai a 1909, sai da suka kwashe komatsansu zuwa Douala.

Sunan dutsen ya ƙara fita daga 1973, lokacin da kamfanin Guinness ya fara ɗaukar nauyin tseren shekara-shekara. Masu tsere kan tashi daga Buea, su ratsa gonaki da kurmi, su fita cikin ciyayi da baƙaƙen duwatsu masu yanka takalmi, su taɓa ƙololuwa inda sanyi ke ƙandarar da yatsu, sannan su gangaro cikin 'yan sa'o'i. Matafiyi na yau da kullum kwana biyu ko uku yake yi, yana yada zango a bukkoki uku da ke kan hanyar. Sarah Etonge ta lashe tseren mata har sau bakwai.

A 1999 narkakken dutse ya malalo ya datse titin bakin teku kusa da Bakingili, kuma wurin ya zama abin zuwa kallo. A 2009 gwamnati ta mai da yankin gandun daji na ƙasa mai faɗin hekta wajen 58,000, don kare giwayen kurmi da itatuwan da ake ɓare wa ɓawo. An hana farauta, amma tsofaffin mafarauta da dama sun koma 'yan jagora da 'yan dako, aikin da ba wanda ya fi su cancanta da shi. Rikicin da ya ɓarke a 2016 a yankunan masu magana da Ingilishi, inda dutsen yake, ya rage baƙi ƙwarai, waɗannan 'yan jagora kuma su suka fi ji a jikinsu.