Yadda Karatun Hunturu Ya Iso Maƙwabtan Zangon Kumasi

Daga ƙarshen Nuwamba, sa'ad da iskar hunturu ta fara tsattsage leɓɓa a Kumasi, majami'u kan buɗe sabuwar shekararsu ta ibada. Babban cocin Katolika na St Peter da ke kan tudun Roman Hill, jifa kaɗan daga Zango, yakan shiga makonnin jiran haihuwar Almasihu, Lahadi huɗu, sai Kirsimeti, sai bikin Bayyanuwa a farkon Janairu. Kowace Lahadi da nata karatun, kuma ba Fada ne ke zaɓa da son ransa ba.

Tsarin ya daɗe. Tun shekarar 336 ake bikin 25 ga Disamba a Roma, makonnin jira kuma suka kafu a can wajen ƙarni na 6. Jadawalin da Katolika ke bi yau ya fito a 1969, bayan Babban Taron Batikan na Biyu: shekara uku ana zagayawa tsakanin Matiyu da Markus da Luka, ga annabi Ishaya da Yahaya Mai Baftisma suna ta dawowa kafin Kirsimeti.

Kumasi kuwa ba ta karɓi bisharar da sauri ba. Thomas Birch Freeman na Metodis ya gana da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya a 1839. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel ya shigo garin ne a matsayin fursunan yaƙi, aka sake shi a 1874, ya dawo a 1896 ya kafa coci. A waɗannan shekarun ne Zango ya bunƙasa, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fataken goro, da yawansu suka gangaro kudu.

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta biyo wata hanya dabam, kuma a nan akwai mutumin da ba a ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, aka 'yantar, matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da ɗan mishan James Frederick Schön, yana faɗa ana rubutawa, har Bisharar Matiyu ta fito da Hausa a 1857. Sunan Schön ke kan littafin, amma harshen daga bakin Dorugu ya fito. Ya dawo gida, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki sai a 1932, bayan aikin shekaru na Dokta Walter Miller da mataimakansa Hausawa a Zariya da Wusasa.

Mafi yawan mutanen Zangon Kumasi Musulmi ne, amma Hausa ba tasu ba ce su kaɗai. Ita ce harshen kasuwa da tasha ga 'yan arewacin Gana da suka zo ƙwadago a gonakin koko da ramukan zinariya, daga Bolgatanga da Bawku da Wa. Wasunsu Kirista ne tun daga gida, domin 'yan mishan na Katolika sun sauka Navrongo tun 1906.

Ga irin waɗannan mutane, karatun hunturu ba ya buƙatar dogon bayani. Luka ya ba da labarin mace mai ciki da ta yi tafiya saboda ƙidayar gwamnati, ta rasa masauki. Matiyu ya kawo baƙi daga gabas ɗauke da zinariya da lubban da mur, sannan iyali suka yi gudun hijira zuwa Masar. Yarinyar da ke dakon kaya da kwano a kasuwar Kejetia, tana kwana a bakin shago cikin sanyin Disamba, ta san rashin masauki fiye da mai wa'azin. Maƙwabcinta Musulmi ma ba baƙo ba ne ga sunayen, tunda ya karanta labarin Zakariya da Yahaya da Maryam a cikin Alƙur'ani tun yana makarantar allo.