Jirgi da Tuƙi: Bashin da Hausa Ta Ci a Bakin Kogi

Amurkawa suna kiran wani dogon burodi, wanda ake tsagawa a cusa masa nama da ganye, da sunan jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin teku, saboda siffarsu ta zo ɗaya. Kalmar jirgi a Hausa ta yaɗu ta wata hanya dabam, wato ta aikin da abu yake yi, kuma ƙasar Yauri ce ta fi dacewa a gwada wannan magana.

A Yelwa ko Wara, in mutum ya ce jirgi ya taso, ba ya bukatar ƙara "na ruwa". Ma'anar asali ke nan. Da dogo ya iso Kano a 1911, aka ce jirgin ƙasa. Da na sama ya sauka can a 1925, aka ce jirgin sama. Babu kama tsakanin tarago da katakon da aka fafe, sai dai duka suna kwasar jama'a da kaya su kai su nesa. Haka "tuƙi". Mai sa filafili yana ture ruwa, da uwargida mai juya muciya a tukunyar tuwo, aiki iri ɗaya hannunsu yake yi, shi ya sa kalma ɗaya ta ishe su. Direban mota daga baya ya zo ya gaje ta, ko da yake ba ya ture komai.

Abin da ke damuna shi ne yadda 'ya'yan suka danne uwar. Yau in an ce jirgin yaƙi, hankalin matashi sama yake tafiya, alhali Gungawa sun daɗe suna kare tsibiransu da jirage kafin dam ɗin Kainji ya shafe da dama daga cikin tsibiran a 1968. Abin da ya rage na wannan bajinta a bikin Rigata ake ganinsa.

Wani zai ce harshe ba ya tsayawa, kuma gaskiya ne. Amma sakacin yana da illa. Jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya ɗauko mutane fiye da 100, duk da haka aka riƙa ce masa kwale-kwale, sunan da ke rage wa musibar nauyi a kunnen wanda bai san kogin Kwara ba.

Ya kamata masu rubuta ƙamus su je wurin dattawan Sarkawa da Gungawa a Yauri, Ngaski da Shanga, su rubuta sunan kowane irin jirgi da sassansa tun masu sani suna raye.