Tarayyar Birij ta Duniya da Gadon Rixi Markus

Ranar 4 ga Afrilun 1992 Rixi Markus ta rasu tana da shekara 81, kuma duk mai son sanin yadda wasan karta ya samu hukuma ta duniya, mai dokoki da alƙalai, to ya bi sawun rayuwarta. An haife ta a 1910 a Gura Humorului, garin da yanzu yake cikin Romaniya, ta girma a Biyana, ta kuma shiga tawagar matan Ostiriya da ta lashe gasar duniya ta 1937 a Budafes. Da Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus a 1938, ta yi gudun hijira zuwa Landan saboda Bayahudiya ce. A can ta sake gina rayuwarta a teburin birij, wasan mutum huɗu, biyu-biyu suna fuskantar juna, kowa da kati 13 a hannu, a fara da tayi sannan a shiga buga kati.

Lokacin da ta isa Ingila, wasan ya bazu amma ba shi da uwa. Harold Vanderbilt ya tsara ƙa'idojinsa na zamani a 1925, an fara gasar Kofin Bamuda a 1950, amma kowace nahiya tana tafiya da nata tsari. A watan Agustan 1958 wakilai daga Turai da Amurka da Kudancin Amurka suka haɗu a Oslo suka kafa Tarayyar Birij ta Duniya, suka zaɓi Baron Robert de Nexon na Faransa shugabanta na farko. Hangen nesan waɗannan dattawa ya bayyana tun 1960 a birnin Turin, inda tarayyar ta yi gasar ƙasashe ta farko a ƙarƙashinta kuma aka ware wa mata nasu fage. Faransa ta ci gasar kowa da kowa, matan Masar kuma suka ɗauki ta mata, abin da ya nuna tun da wuri cewa tarayyar ba ta Turawa ce kaɗai ba.

Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne zamanin zinariya. Tawagar Italiya da ake kira Shuɗiyar Tawaga ta ɗauki Kofin Bamuda sau 13 tsakanin 1957 da 1975. A ɓangaren mata kuwa, Rixi da abokiyar wasanta Fritzi Gordon suka ci gasar duniya ta biyu-biyu a birnin Kan a 1962, suka maimaita a Las Palmas a 1974, sannan suna cikin tawagar Birtaniya da ta yi nasara a Niyok a 1964. Rixi ce mace ta farko da tarayyar ta ba matsayinta mafi girma na gwanaye. Ta riƙe shafin birij a jaridar Guardian daga 1955 har ƙarshen ranta, a 1975 kuma ta assasa karawar shekara-shekara tsakanin majalisun dokokin Birtaniya biyu. An san ta da zafin tayi da faɗin gaskiya ba kwana-kwana, masu wasa kuma sun ƙaunace ta a kan hakan.

Mai karatu zai iya cewa karta ai caca ce, kome sunan da aka sa mata. Wannan damuwa tana da tushe, domin gidaje da yawa sun mutu a kan kati. Sai dai abin da tarayyar ta gina ya sha bamban. A gasarta ba a zuba kuɗi a tebur. Idan an raba kati an buga, kowa yana mayar da nasa 13 ɗin cikin aljihunsa a jikin wani allo, a kai allon wani tebur inda wasu za su buga katin nan dai, sannan a gwada sakamako. Wanda ya samu mummunan hannu ana auna shi ne da wanda ya riƙe irin wannan hannun, don haka sa'a ta koma gefe, lissafi da tuni da fahimtar abokin wasa suka rage. Wani kuma zai kawo zargin maguɗi na Buenos Aires a 1965 da na Bamuda a 1975. An yi su, amma daga nan ne shinge ya zama doka a manyan gasa, wanda yake raba abokan wasa ta yadda ba mai ganin fuska ko ƙafar ɗan'uwansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wannan tsari ne ya sa Kwamitin Olamfik na Duniya ya karɓi tarayyar a matsayin cikakkiyar hukumar wasa a 1999, kuma birij ya shiga Wasannin Asiya na Jakarta a 2018. Daga hedikwatarta a Lozan tana kula da shiyyoyi takwas, Afirka na cikinsu. Wasa ne da tsoho da yaro, mace da namiji, suke gwada basira a kan doka ɗaya ba tare da ƙarfin jiki ko dukiya ta fifita wani ba. Ya kamata hukumomin wasanni da makarantu a ƙasashen Afirka su nemi ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin tarayyar, su koya wa matasa wasan a kan ƙa'idarsa, musamman 'yan mata, waɗanda aka buɗe wa ƙofa tun 1960.